Rawanin Soro

Cikin littafin Kubawar Shari'a, sura 22, aya 8, akwai wata 'yar doka wadda mai karatu ya kan wuce ta da sauri, gama gajeriya ce. An umarci mutumin Isra'ila, idan ya gina sabon gida, ya ja rawani kewaye da bisan soronsa, domin kada wani ya faɗo daga can alhakin jininsa ya hau kan gidan. Wanda ya san sorayen Kano da Zariya ba ya bukatar a fassara masa wannan. Gidajen ƙasar Kan'ana masu shimfiɗaɗɗen rufi ne irin na ƙasar Hausa. A can bisa a ke shanya, a can a ke shan iska da maraice, a can kuma a ke kwana lokacin zafi. Rawani kuwa shi ne ɗan gajeren bangon nan da magini ya kan ɗora a gefen rufi bayan ya gama aikinsa.

Abin lura cikin dokar shi ne wanda aka ɗora wa nauyi. Ba a tsaya tambaya ko mai faɗuwa ya yi sakaci ba, ko gyangyaɗi ya ke yi, ko ya sha abin maye. Mai gida aka ce ya yi tanadi tun kowa bai hau ba.

Nufinmu cikin wannan darasi mu auna wata irin faɗuwa da wannan doka, watau faɗuwar mutumin da ya fid da zuciya ga zaman duniya har ya kashe kansa. Za mu dubi masu aikin gini na garin Minna musamman. Tambayar da ke gabanmu ita ce, idan birkila ko lebura ya kai ga wannan, laifin nasa ne shi kaɗai, ko kuwa akwai rawanin da ya wajaba mu ja amma ba mu ja ba?

Garin da leburori suka gina

Minna ƙauyen Gbagyi ne kafin zuwan jirgin ƙasa. Tsakanin shekara ta 1907 da ta 1911 aka shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro, a bakin kogin Kwara, zuwa Kano, ta bi ta Minna. Dubban Nufawa da Gbagyi suka haƙa ƙasa suka ɗauki kaya a ka, da yawansu kuwa tilasta su aka yi ta hannun sarakuna da hakimai. Hanyar Ikko ta zo ta haɗu da ita a nan, gari ya tashi kewaye da tasha. A shekara ta 1976 aka ƙirƙiro Jihar Neja, Minna ta zama babban birninta, aka shiga gina ofisoshi da gidajen ma'aikata. A 1983 aka kafa Jami'ar Fasaha ta Tarayya, wadda ke da mazauni a Bosso da Gidan Kwano. Madatsar ruwa ta Shiroro ta soma aiki a 1990, aka kammala ta Zungeru a 2023. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan, gumin talakawa ne waɗanda ba a rubuta sunansu a jikin bango ba.

Wanda ya fita da sassafe ta Tunga, ko Chanchaga, ko Kpakungu, ko Maitumbi, zai ga jikokin waɗannan mutane cikin sana'a, zaune a bakin hanya da shebur da diga, suna jiran mai ɗauka, kamar ma'aikatan nan na kasuwa da Ubangiji ya ba da misalinsu cikin Matta sura 20. Waɗansu 'yan cin rani ne daga Katsina da Zamfara da Sakkwato da ƙasar Nijar. Waɗansu manoma ne na yankin Shiroro da Munya da Rafi, waɗanda 'yan bindiga suka raba da gonakinsu, suka shigo gari ba su da abin sayarwa sai ƙarfinsu. Waɗansu kuwa namu ne, masu zama a bencin baya ran Lahadi, hannuwansu duk siminti ya cinye.

Nauyin da ba a gani

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum fiye da 700,000 ne suka kashe kansu a shekara ta 2021, maza kuwa sun ninka mata fiye da sau biyu. A ƙasashen da a ke rubuta sana'ar kowane mamaci, an iske masu aikin gini suna cikin waɗanda abin ya fi shafa. A Ingila, ofishin ƙidaya na gwamnati ya duba shekarun 2011 zuwa 2015, ya ga leburorin gini sun ninka sauran mazan ƙasar fiye da sau uku. A Amurka ma hukumar yaƙi da cututtuka ta sami sana'ar gini da ta haƙar ma'adinai a sahun gaba. Waɗannan ƙasashe ne masu kwalkwali da takalmin ƙarfe da inshora. Duk da haka maginan da suka mutu ta hannun kansu sun fi waɗanda haɗarin wurin aiki ya kashe yawa.

Dalilan da masu bincike suka gano a can, duk wanda ya taɓa tsayawa wurin zuba kankare a Minna zai shaida su.

Na fari, aikin ba shi da gobe. Lebura ɗan ƙodago ne. Ran da ya yi aiki ya ci, ran da aka yi ruwa ko siminti ya ƙare ya koma hannu wofi. Sa'ad da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, kuɗin mota da na abinci suka tashi. A farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000, masu gini da yawa suka dakatar da aiki. Mai gida ya dakata ya jira. Lebura kuwa ba shi da abin jira da shi.

Na biyu, jinkirin lada. Mai gida ya ce bai sami kuɗi ba, ɗan kwangila ya ce mai gida bai biya ba, birkila ya ce da yaronsa ya dawo jibi. A ƙarshen wannan sarƙa akwai mutum mai bashin mai shago, da bashin mai ɗaki, da zubin adashe, da mata can ƙauye tana jiran aike.

Na uku, ciwon jiki. Ɗaukar kwanon kankare a ka ana hawa tsani cikin zafin Maris da Afrilu ya kan cinye baya da gwiwa tun mutum bai tsufa ba. Domin a iya jimrewa sai a koma ga ƙwayoyi. Binciken da gwamnatin Nijeriya ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya nuna mutum wajen miliyan 4.6 suna shan ƙwayoyi irin su taramol ba bisa umarnin likita ba. Ƙwaya ta kan kashe zafin yini, amma ta bar mutum da duhun zuciya da dare. Haka kuma giya da burkutu.

Na huɗu, shiru. An koya wa namiji tun yana yaro cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Akwai hikima cikin wannan, amma a wurin aikin gini, inda ƙarfi ne jari, mutum yana tsoron kada ya ce ya gaji a ɗauki wani gobe. Sai ya yi dariya da abokan aiki da rana, ya kwana ido biyu cikin kangon da ya ke gadi.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan hali. Cikin Nehemiya sura 4, ana tsakiyar gina ganuwar Urushalima, mutanen Yahuda suka koka cewa ƙarfin masu ɗaukan kaya ya ƙare, tarkace kuwa ya yi yawa. Cikin sura 5 kukan ya fito fili: yunwa ta sa sun jinginar da gonakinsu, sun ci bashi domin biyan haraji, har 'ya'yansu sun shiga bauta. Nehemiya bai ce da su su ƙara haƙuri ba. Ya tara manya ya tsauta masu, ya sa suka mayar da gonaki suka yafe ruwan bashi. Ganuwa ba ta ƙaru ba sai da aka gyara zaman masu gininta.

Ko laifi ne?

Ba za mu ɓoye koyarwar ekklesiya ba. Rai amana ne. Ba mu muka ba kanmu ba, ba mu kuwa da ikon mayar da shi ran da muka ga dama. Agustin, babban malamin ekklesiya na Afirka ta Arewa, ya nuna tun ƙarni na biyar cewa dokar da ta hana kisa ta haɗa har da kan mutum. Maƙwabtanmu Musulmi ma haka suka riƙe. Mai kashe kansa ya kan bar rauni ga matarsa da 'ya'yansa da iyayensa wanda ba ya warkewa da wuri. Kada kowa ya ce da mai baƙin ciki wai mutuwa hutu ce a gare shi ko sauƙi ga iyalinsa. Wannan ƙarya ce, ita ce kuwa ƙaryar da ciwon ke raɗa masa.

Amma sanin cewa abu mugu ne daban, sanin nauyin laifin wanda ya yi shi daban. Na biyun nan yana hannun Allah, wanda shi kaɗai ya san abin da ke cikin zuciya. Likitoci sun tabbatar akwai ciwon damuwa wanda ya kan kama mutum kamar yadda hawan jini ke kamawa. Ya kan ɗauke barci da sha'awar abinci, ya sa mutum ya ga kansa ba shi da amfani, ya ƙuntata tunaninsa har ya zama ba ya ganin ƙofa sai guda. Mutumin da ke cikin wannan hali ba ya auna al'amura da cikakken hankalinsa. Sa'ad da aka ambaci mutum goma sha takwas waɗanda hasumiyar Siluwam ta faɗa a kansu, cikin Luka sura 13, Ubangiji ya ƙi yarda a ce sun fi sauran mutanen Urushalima zunubi. Ya juya tambayar ta koma kan masu sauraro. Haka ya kamata mu yi da kanmu.

A dā ekklesiya ta yi tsanani cikin wannan. Majalisar Biraga ta shekara ta 561 ta hana yi wa irin wannan mamaci jana'iza da waƙoƙi, dokokin ƙasashe kuma suka bi sawu. Dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, wadda aka yi a 1959, ta sa ɗaurin da zai iya kai shekara guda a kan wanda ya yi yunƙurin kashe kansa, cikin sashe na 231. Nufin masu dokar shi ne su tsoratar. Abin da ya biyo baya kuwa ɓoyewa ne, gama iyali su kan ji tsoron kai mutum asibiti domin kada maganar ta kai ga 'yan sanda. Ingila ta soke irin wannan hukunci a 1961, Gana ta soke a 2023. A Nijeriya an sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a watan Janairu na 2023, ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma ba mai irin wannan ciwo hakkin a kula da shi da mutunci. Tsoro bai taɓa zama rawani ba; mai tsoron hukunci ya kan yi shiru ne kawai, shirun kuwa shi ne haɗarin.

Yadda Allah ya yi da masu roƙon mutuwa

Mai karatu zai yi mamakin yawan bayin Allah da suka gaji da rai. Musa, cikin Littafin Lissafi sura 11, ya ce nauyin jama'a ya fi ƙarfinsa, ya roƙi Allah ya ɗauki ransa. Ayuba ya la'anci ranar haihuwarsa. Irmiya ma haka. Yunana ya ce mutuwa ta fiye masa. Ba a tsine wa ko ɗaya daga cikinsu ba. Musa kuwa dattawa saba'in aka ba shi su ɗauki kayan tare da shi.

Labarin Iliya cikin 1 Sarakuna sura 19 ya fi duka koya mana. Bayan babban aiki a dutsen Karmel, annabin ya gudu jeji, ya bar baransa a baya, ya zauna ƙarƙashin wani ɗan itace ya roƙi mutuwa. Ku dubi jerin abin da Allah ya yi. Ya bar shi ya yi barci. Ya aiko masa da waina da tulun ruwa. Ya bar shi ya sāke barci, ya sāke ciyad da shi. Sai bayan tafiyar kwana arba'in ya tambaye shi abin da ya kawo shi, ya kuwa saurari kukansa har sau biyu. Daga nan ya gyara masa lissafinsa, gama Iliya yana tsammani shi kaɗai ya rage, alhali akwai mutum dubu bakwai. A ƙarshe ya ba shi aiki, ya ba shi Elisha abokin tafiya. Abinci da barci suka riga wa'azi.

Ku gwama wannan da labarin Yahuza cikin Matta sura 27. Sa'ad da nadama ta kama shi, wurin malaman addini ya nufa, ya faɗi laifinsa a gabansu. Suka nuna masa ba ruwansu, shi ya sani. Ya fita daga Haikali shi kaɗai, bai kuwa dawo ba. Laifin Yahuza babba ne, amma mutanen ƙarshe da ya yi magana da su masu hidimar ɗakin Allah ne, suka kuwa fi damuwa da halaccin kuɗin da ya zubar bisa ga ran mutumin da ke tsaye gabansu. Wannan abin tsoro ne ga kowane dattijon ekklesiya.

A Filibi kuma, cikin Ayyukan Manzanni sura 16, yarin kurkuku ya farka ya ga ƙofofi a buɗe, ya zaci 'yan sarƙa sun gudu, ya zare takobi. Ma'aikaci ne wanda ya ga aikinsa da mutuncinsa sun rushe cikin dare ɗaya. Bulus ya ɗaga murya cikin duhu ya hana shi, ya shaida masa duka suna nan. Bulus ba ɗan'uwansa ba ne, ba kuwa abokin addininsa ba. Mutumin ne ya sa ƙafafunsa a turu. Kafin gari ya waye yarin nan yana wanke masu raunuka, yana zuba masu abinci. Abin da ya ga kamar ƙarshen duniya, 'yan sa'o'i kaɗan ne. Masu bincike sun iske haka abin ya ke har wa yau: lokacin tsananin haɗari ya kan zo ya wuce, kuma wajen 9 cikin 10 na waɗanda suka tsira daga yunƙuri ba su mutuwa ta wannan hanya daga baya.

Gardama biyu

Wani zai ce, ai maganin baƙin ciki addu'a ce da bangaskiya, zuwa wurin likita rashin dogara ne ga Allah. Amma babu mai faɗin haka ga birkilan da ya faɗo daga tsani ya karye. Mu kan yi masa addu'a, mu kuma kai shi a ɗaure ƙashin. Ƙwaƙwalwa gaɓa ce cikin jikin da Allah ya halitta. Wanda ya aiko wa Iliya da waina ba zai ji haushin magani ba.

Wani kuma zai ce, kowa da kayansa. In mutum ya ƙudura abu, wa zai hana shi? Gaskiya ne rawani ba ya hana kowace faɗuwa, kuma iyalin da suka yi iyakar ƙoƙarinsu suka rasa nasu, kada a ɗora masu laifi, kada su ma su ɗora wa kansu. Amma tanadi yana ceton rai, an kuwa gwada an gani. A ƙasar Siri Lanka gwamnati ta hana sayar da magungunan ƙwari mafiya dafi, yawan masu kashe kansu ya ragu da wajen kashi 70 cikin 100 tsakanin 1995 da 2015, noma kuwa bai lalace ba. Mutane ba su sāke hali ba. Abin da ke kusa da hannu cikin mugun lokaci ne aka kawar.

Tubalan rawaninmu

Tubali na fari lada ne. Littafin Firistoci sura 19 da Kubawar Shari'a sura 24 sun hana ladan ɗan ƙodago ya kwana a hannun mai aiki, gama matalauci ne, zuciyarsa tana kan kuɗin. Irmiya sura 22 ya yi kaito ga sarkin da ke gina benaye da gumin maƙwabcinsa ba biya. Yaƙub sura 5 ya ce ladan da aka danne yana kuka. A cikinmu akwai 'yan kwangila, da injiniyoyi, da masu gina gidan kansu, akwai kuma kwamitin ginin majami'a. Wanda ba shi da kuɗin biyan leburori ran Asabar, kada ya kira su ran Litinin. Idan ma'aikaci ya ji rauni a wurinka, magani a wuyanka ya ke. Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa har da damuwar zuciya da aiki ya jawo, amma ɗan ƙodagon da ba a rubuta sunansa ko'ina ba da wuya ya ci moriyarta; saura tsoron Allah na mai aikin.

Tubali na biyu ido ne. An faɗi game da Ahitofel, cikin 2 Sama'ila sura 17, cewa sai da ya koma garinsu ya kintsa al'amuran gidansa tukuna. Alamu su kan riga. Mutum mai fara'a ya koma shiru mako biyu ko fiye. Ya daina ci tare da jama'a. Shaye-shayensa ya ƙaru. Ya ba da cokalin gininsa da igiyarsa kyauta ba dalili. Ya riƙa cewa ya zama wa iyalinsa kaya, ko gara ba shi. Kada a ɗauki irin wannan magana wasa.

Tubali na uku baki ne. Ka ja shi gefe inda ba kowa, ka ce, "Ɗan'uwa, kwanan nan na ga ba ka da walwala. Me ke damunka?" In babba ne gare ka, ka ce, "Baba, a gafarce ni, na ga kamar akwai abin da ke cin ranku." In maganarsa ta nuna haɗari, ka tambaye shi a fili ko tunanin kashe kansa yana zo masa. Mutane suna tsoron kada tambayar ta shuka abin a zuciyarsa. Bincike ya nuna ba ta shukawa, sau da yawa ma sauƙi ta kan kawo. Sa'an nan ka saurara. Kada ka yi masa wa'azin wuta, kada ka lissafa masa waɗanda suka fi shi wahala. A shekara ta 1953 wani limamin Angilikan mai suna Chad Varah ya buɗe layin waya a Landan domin masu fid da zuciya. Ba da daɗewa ba ya lura masu taimakonsa, waɗanda ke ba baƙi shayi suna jin kukansu kafin su gan shi, su ne ke yin rabin aikin. Daga nan ƙungiyar Samariyawa ta tashi. A Ostareliya, tun 2008, ƙungiyar MATES in Construction tana koya wa magina da kansu su lura da abokan aikinsu su kai su inda taimako ya ke. A Zimbabuwe, likita Dixon Chibanda ya horad da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti suna sauraron masu damuwa, aka auna aka ga yana warkarwa. Zumuntar mata da ta maza ba su rasa benci ba, ba su kuwa rasa dattawa ba.

Tubali na huɗu ƙafa ce. Idan mutum ya ce yana da niyya, kada a bar shi shi kaɗai, kada ya hau bisa a ranar, a kawar da magungunan gona da duk abin cutarwa daga ɗakinsa. Kada ka yi masa alkawarin ɓoye maganar. Ka ce da shi ransa ya fi asirin. A raka shi Babban Asibitin Minna ko asibiti mafi kusa, a gaya wa likita gaskiya. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa cikin Kaduna domin wanda ke bukatar ƙwararru. Likitocin ƙwaƙwalwa kaɗan ne a ƙasar nan, 'yan ɗaruruwa ga mutum fiye da miliyan 200, domin haka aikin jama'a ya zama dole. Likita Thomas Adeoye Lambo ya nuna hanya tun 1954 a Aro, kusa da Abekuta, inda ya zaunad da masu ciwo cikin ƙauyuka tare da danginsu suna karɓar magani, suka fi saurin samun sauƙi. Kuɗin mota da na magani kuwa, baikon ekklesiya ya isa ya ɗauka.

Tubali na biyar na bayan rasuwa ne. Idan abin ya riga ya faru, a je gaisuwa kamar yadda a ke zuwa kowace gaisuwa. Kada a bar gwauruwa da marayu cikin kunya, gama su ma suna cikin haɗari. Kada a baza yadda aka yi a bakin kasuwa ko a waya, domin irin wannan labari ya kan ja waɗansu masu rauni.

In kuwa kai mai karatu, kai ne ke ɗauke da wannan nauyi, ka gaya wa mutum guda yau, kafin dare. Ba ka fi Iliya rauni ba, kuma ba kai kaɗai ka rage ba.

Kalmar Helenanci da aka juya "massassaƙi" cikin Markus sura 6 tana ɗauke da ma'anar mai aikin itace da dutse, watau maginin ƙauye. Ubangijinmu ya yi shekaru cikin wannan sana'a kafin ya yi wa'azi ko ɗaya. Ya san ciwon baya, ya san jiran biya. Waɗanda ke zaune a bakin hanyar Bosso da shebur abokan sana'arsa ne, Kirista da Musulmi duka. Nehemiya ya lura magina sun warwatsu a kan ganuwa nesa da juna, sai ya ajiye mai ƙaho kusa da shi, ya ce duk inda aka ji busa a taru can. Hannu ɗaya ba ya ɗaukan jinka. Bari kowace ekklesiya a Minna ta san maginanta da sunansu, ta san inda su ke kwana, ta kuma zaɓi mutum biyu ko uku waɗanda kowa ya san ana iya buga masu ƙofa ko da tsakar dare.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Me ya sa dokar rawani ta ɗora nauyi a kan mai gida tun kafin kowa ya faɗi?
2. Ku jera abin da Allah ya yi wa Iliya bi da bi. Wanne mu kan tsallake?
3. Da Yahuza ya zo wurin dattawan ekklesiyarku, wace amsa zai samu?
4. Akwai ma'aikacin da ke bin waninmu, ko kwamitin gininmu, ladan aiki? Yaushe za a biya?
5. Su wane ne cikinmu za su ɗauki aikin mai ƙaho, kuma ta yaya magina za su san su?